Rundunar Halifa Abdullahi a Umdurman: Tsarinta da Makamanta

 

An nemi in yi jawabi a kan yadda ƙasa mai ƙaramin ƙarfi takan tsara mayaƙanta, da irin makaman da hannunta yake iya kaiwa gare su. Da na yi nazari sai na ga babu hujjar in ɗauke ku zuwa wata nahiya neman misali, tun da yake birnin nan na Umdurman shi kansa asalinsa sansanin yaƙi ne, kuma duk wanda ya taɓa ce wa mai mota ya sauke shi a Mulazimin, ko a Arda, ko a Baitulmali, ko a Abu Anja, to, ya ambaci wani sashe na rundunar Halifa Abdullahi ɗan Muhammadu, ko ya sani ko bai sani ba. Rundunar nan ita ce ta riƙe daular Mahadiyya shekara 13, daga 1885 zuwa 1898, kuma a kanta nake so mu zauna yau.

Wani zai ce, ina ƙanƙanta ga daular da ta shimfiɗu daga Dungula a arewa har Rajaf a kudu, daga Darfur har duwatsun da suke kallon Bahar Maliya? Gaskiya ne, ta wajen faɗin ƙasa ba ƙarama ba ce. Amma a sha'anin yaƙi ana auna daula ne da abin da maƙeranta suke iya ƙerawa, da abin da gonakinta suke iya ciyarwa, da kuma ƙofar da take da ita ta sayen abin da ba ta iya yi da hannunta, kuma ta waɗannan fuskoki daular Halifa ƙarama ce ƙwarai da gaske. Masar da Ingila sun tare ta daga arewa, suna kuma riƙe da Sawakin, watau tashar da ƙasar take leƙa teku ta cikinta. Habasha da Italiya suna gabas. Mutanen Sarkin Beljiyam suna tahowa daga Kwango. Faransa kuwa ta yi ta lallaɓowa daga yamma har ta kafa tuta a Fashoda cikin 1898. Ƙasar da aka kewaye haka ba ta da kasuwar sayen bindiga, sai dai abin da 'yan fasa-ƙwauri suka tsallako da shi a ɓoye, wanda bai taka kara ya karya ba.

Sa'ad da Muhammadu Ahmad ya bayyana da'awarsa ta Mahadi a tsibirin Aba cikin 1881, jama'ar da ke tare da shi 'yan ɗarurruwa ne, almajirai da makiyaya, makamansu sanduna da masu da takubba, kuma da waɗannan ne suka karya sojan da hukumar Turkawa ta aiko daga Hartum cikin watan Agusta, sa'an nan suka yi hijira zuwa Dutsen Ƙadir a ƙasar Nuba, inda suka sake karya runduna biyu, ta Rashid Bey da ta Yusuf Basha Shallali. Bindigogin da aka samu ganima a waɗannan wurare Mahadi bai yarda a yi aiki da su ba da farko, domin a ganinsa jihadinsa bin sawun Sahabbai ne, su kuwa Sahabbai da takobi da mashi suka buɗe ƙasashe, saboda haka aka tara bindigogin aka bar su a baya. Ranar Jumma'a, 8 ga Satumba 1882, Ansaru, watau mabiyan Mahadi, suka auka wa birnin Ubayyid da tsirara takubba, sojan gwamnati kuwa suna bayan ganuwa suna ta zuba musu harsashi, har dubbai suka faɗi, cikinsu har da ɗan'uwan Mahadi na jini. Bayan wannan rana aka aika aka kwaso bindigogin, aka tattara sojojin gwamnati da aka kama, galibinsu mutanen kudu da na duwatsun Nuba waɗanda bauta ta shigar da su aikin soja tun zamanin Turkawa, aka ɗora Hamdan Abu Anja a kansu, aka kira su Jihadiyya.

A ra'ayina wannan shi ne hukunci mafi muhimmanci da Mahadiyya ta taɓa yankewa a sha'anin soja. Jihadiyya su ne suka gigita rundunar gwamnati ta Hicks Basha da harbi daga cikin itatuwa kafin masu mashi su gama da ita a Shaikan cikin Nuwamba 1883, kuma daga wannan fili, da Ubayyid da ta miƙa wuya a farkon shekarar, da Hartum da ta faɗi ranar 26 ga Janairu 1885, daular ta tara kusan dukan jarinta na makamai: dubban bindigogi ƙirar Remington, da igwoyi, wasunsu ƙirar Krupp ta Jamus, da akwatunan harsashi, da jiragen ruwa masu tafiya da tururi waɗanda Gordon, mai tsaron Hartum, ya bari. Ku riƙe wannan a ranku, domin daga 1885 har ranar yaƙin Karari a 1898 babu wata ganima mai irin wannan girma da ta sake shigowa.

Yanzu ga tsarin. Mahadi ya naɗa halifofi uku a kan tsarin Halifofi Shiryayyu: Abdullahi a matsayin Abubakar, Ali wad Hilu a matsayin Umar, Muhammadu Sharif a matsayin Aliyu; kujerar Usmanu kuwa an miƙa ta ga Muhammadul Mahadi Sanusi, shi kuma bai karɓa ba. Kowane halifa yana da tuta, kuma tuta a nan runduna ce sukutum. Baƙar Tuta ta Halifa Abdullahi ce, ɗan'uwansa Yaƙubu yake riƙe masa ita, a ƙarƙashinta akwai mutanen yamma, musamman Baggara masu kiwon shanu. Koriyar Tuta ta Ali wad Hilu ce, ta tara ƙabilun Digaim da Kinana na bakin Bahrul Abyad, ita ce mafi ƙanƙanta. Jar Tuta ta Halifa Sharif ce, tare da Ashrafai dangin Mahadi da mutanen bakin Nilu na arewa. Mu da muka san tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mun san abin da ake nufi da ba da tuta, sai dai akwai bambanci babba: masu tutar Shehu kowa ƙasarsa ya koma ya yi jihadinsa, daga baya ya zama sarki a can, su kuwa tutocin Mahadi an kafa su a sansani guda, ƙabila tana kallon ƙabila, kowace tana ƙirga dawakin 'yar'uwarta. Da ma labarin ya kai ƙasarmu tun da wuri, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa daga Adamawa, daga baya ya haɗa kai da Rabeh, wanda shi ma da tsarin tutoci da 'yan bindiga ya ci Barno a 1893.

A ƙarƙashin tuta akwai abin da ake kira rubu'i, mai mutum daga ɗarurruwa zuwa sama da dubu, kowane rubu'i da amirinsa, kuma an kasa shi uku: masu mashi da takobi, da 'yan bindiga, da mahaya dawaki. Ƙasa da amir akwai shugaban ɗari, ƙasa da shi akwai muƙaddami mai kula da mutum ashirin da 'yan kai. Akwai magatakarda masu rubuta sunayen mutane da adadin bindigogi da dawaki, da yawansu tsofaffin ma'aikatan hukumar Turkawa ne, har da Kibɗawa. Wanda ya ɗauka taron yuyuyu ne kawai ya yi kuskure.

Tufar soja kuwa ita ce jibba, kuma wanda ya taɓa shiga Gidan Halifa, wanda aka mayar gidan ajiye kayan tarihi a 1928, ya tsaya a gabanta ya duba ɗinkin, ya karanta tarihin daular a jikinta. Da farko tsumma ce ta gaske, rigar sufi mai gudun duniya wadda ta yage aka yi mata maho da ƙyallen da aka samu. Zamanin Halifa sai ga ta farar saƙa ce mai kauri, an yanka mahon murabba'i-murabba'i, baƙi da shuɗi da ja, an jera su daidai wa daida, na dama yana amsa na hagu, an yi wa bakin wuya da aljihu ado, har ana gane ta amir daga ta talaka. Tare da ita akwai rawani da hula da tasbaha, da karatun Ratibin Mahadi safe da yamma. Ranar Jumma'a a fita filin Arda, a busa umbaya, watau ƙahon hauren giwa da ake sanar da fitowar Halifa da shi, a buga tamburan tagulla, tutoci su jeru, mahaya su yi sukuwa cikin sulke da lifidi da kwalkwali irin waɗanda kakanninmu suka sani a Kano da Katsina. Baƙon da ya ga wannan fili ba zai yi shakkar ya ga ƙarfi ba.

Amma in ana son sanin haƙiƙanin ƙarfin, sai a bar Arda a nufi Baitul Amana, gidan da ake kulle makamai. Remington bindiga ce ta Amurka wadda Khidiwi Isma'ila ya saya wa sojan Masar, mai cin harsashi ɗaya: a buɗe gindinta, a zura harsashi, a rufe, a harba, a zare kwanso. Bindiga ce mai ƙwari mai jure ƙura, ta kuma dace da ƙasar nan. Sai dai cikinta ba ya cika sai da harsashi mai kwanson tagulla, shi kuwa harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso, da albarushi, da dalma, da ɗan maƙunshin nan na gindi wanda kunamar bindiga take doka wuta ta tashi. Dalma ana samu, ko da narkar da tsofaffin kaya ne. Kwanso ba a iya ƙera sabo da yawa, saboda haka sai a tsince waɗanda aka harba, a mayar da su ma'aikata, a gyara musu baki, a sake cikawa, kuma kowa ya san kwanson da aka cika sau uku sau huɗu yakan tsage ko ya maƙale a bindiga a lokacin da ba a so. Albarushi yana bukatar gawayi da farar wuta da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa, kuma don neman gishirin nan har fursunoni Turawa aka sa aiki, kamar Bajamushen nan Neufeld. Abin da aka samu albarushi ne, amma mai rauni, mai hayaƙi, wanda ba ya kai harsashi inda aka auna. Maƙunshin gindi shi ne mafi wuya duka, domin aikin masana haɗa magunguna ne.

Bai kamata a raina ƙoƙarin da aka yi ba. Da Halifa ya umarci a tashi daga Hartum a 1886, aka kwashe tubalinta aka gina Umdurman da shi, bai taɓa ma'aikatar jiragen ruwa ba. Ya bar tsofaffin ma'aikata Misirawa a cikinta suna gyaran jirage irin su Burdain da Isma'iliyya, suna ɗinke tukunyar tururi da abin da ya samu. Mutanen da aka rufe wa kowace ƙofa suka riƙe jirage suna tafiya shekara 13, wannan abin a yaba ne. Amma gyara dabam, ƙira dabam. Halin daular ya zama kamar na magajin da ya tarar da rumbun mahaifinsa cike, yana ɗiba kullum, ba shi kuwa da gonar da zai mayar. Kuma saboda harsashi ya yi tsada ba a ba soja ya koyi harbi da shi, har da yawansu suka saba harbi sama-sama ba awo, wasu ma suka guntule bakin bindiga don ta yi sauƙin ɗauka, suka ɓata ta ba su sani ba.

Daga makami sai ciki. Baitulmali shi ne mai ciyar da runduna, da zakka da ushiri da humusin ganima, kuma Ibrahim Adlan, wanda ya riƙe shi bayan Ahmad Sulaiman, ya yi masa tsari mai kyau kafin a kashe shi a 1890. Daga baya aka rarraba shi, aka keɓe baitulmalin Mulazimin wanda hatsin Jazira yake shiga, aka keɓe na ma'aikatar yaƙi da jirage wanda yake ci daga lambunan Hartum da hauren giwar kudu. To amma rundunar da ta taso a kan ganima, in cin ƙasa ya tsaya, wa zai ciyar da ita? Talaka manomi. A shekarar 1306 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1888 zuwa 1889, aka yi yunwar da har yau tsofaffin ƙasar nan suke kira Sanatu Sitta, kuma cikin wannan shekara ce Halifa ya tilasta wa danginsa Ta'ayisha su baro kudancin Darfur su taho Umdurman da iyalansu, don su zama garkuwarsa. Hatsin da ya rage a Jazira aka juyo musu shi. Ba sai na faɗa muku abin da wannan ya shuka a zukatan mutanen bakin kogi ba.

Nan ne muka iso ga abin da nake ganin shi ne ciwon rundunar. Halifa Abdullahi mutum ne mai kaifin hankali, ya kuma san cewa Ashrafai ba su yarda a zuci cewa Bata'ishe ya gaji ɗan'uwansu ba. Saboda haka tun 1886 ya sa halifofin nan biyu suka miƙa Jihadiyyarsu da makamansu da tamburansu ga Yaƙubu, kuma bayan yunƙurin Ashrafai na Nuwamba 1891 aka ɗaure Halifa Sharif, Jar Tuta ta zama suna kawai. Manyan amirai na larduna ya yi ta musanya su da danginsa, irin su Mahmud wad Ahmad da Ahmad Fadil, in ban da Usman Digna na gabas, wanda babu mai iya riƙe Hadandawa sai shi. Su kansu Jihadiyya bai sake jiki da su ba, sai ya gina wata sabuwar runduna, Mulazimin, wadda asalinta masu tsaron ƙofarsa ne, ya faɗaɗa ta ta kai dubbai, ya ba ta mafi kyawun bindigogi da albashi da hatsi, ya kewaye unguwarta da katangar dutse, ya ɗora ɗansa Usman Shaihuddin a kanta, saurayi wanda bai taɓa jagorantar babban yaƙi ba. Ta fuskar tsare gadon mulki dabarar ta yi aiki, domin babu wanda ya iya tumɓuke Halifa daga cikin gida. Ta fuskar yaƙi da abokin gaba na waje kuwa, sakamakonta shi ne mafi kyawun makamai suna hannun waɗanda ba su fita fage ba, gogaggun mayaƙa kuma suna bakin iyaka da ragowar kaya.

Kada a ce rundunar ba ta yi abin a zo a gani ba. Abu Anja ya shiga Gondar a 1888, kuma a Gallabat, garin da Takari mahajjata suka daɗe da zama a cikinsa, Zaki Tamal ya tari rundunar Habasha cikin Maris 1889, Sarki Yohana ya sami raunin da ya kashe shi. Amma watanni kaɗan bayan haka Abdurrahman Nujumi, jarumin Shaikan da Hartum, ya kutsa Masar da mutanen da yunwa da ƙishirwa suka riga suka cinye, aka gama da su a Tushki cikin Agusta. Daga nan sai ja da baya: Tokar a 1891, Kasala ga Italiya a 1894, Dungula a 1896.

Kitchener, jagoran rundunar Ingila da Masar, ya zo da abin da Hicks bai zo da shi ba, watau hanyar jirgin ƙasa. Ya shimfiɗa ta daga Wadi Halfa ta tsakiyar hamada zuwa Abu Hamad a 1897, ta kai Atbara a 1898, ta yadda harsashin da aka ƙera a Ingila, da gari, da jiragen yaƙi da aka kwance gunduwa-gunduwa, duk suna isowa bakin kogi ba tare da raƙumi ya gaji ba. Ya karya Mahmud a Atbara ranar 8 ga Afrilu. Halifa ya gina ƙananan ganuwoyi na laka a bakin Nilu, waɗanda har yanzu ake ganin ragowarsu, ya zuba yawancin igwoyinsa a ciki, amma tagogin harbinsu ƙunci gare su, jirgin da ya goce daga gabansu ya tsira, kuma ranar 1 ga Satumba jiragen Kitchener suka rufe musu baki, manyan igwoyi kuma suka huda ƙubbar Mahadi daga gabashin kogi. A daren nan wasu amirai, cikinsu har da Ibrahim Halil, suka ba da shawarar a kai hari cikin duhu, inda nisan harbin bindiga ba zai yi amfani ba. Ba a bi shawararsu ba. Akwai masu cewa tsoron kada runduna ta watse cikin dare ba mai ganin kowa shi ya hana, kuma in haka ne, to, ciwon da na ambata ɗazu shi ne ya tashi a daren da ba a bukatarsa.

Da asubahin Jumma'a, 2 ga Satumba 1898, a Karari, kamar mil 7 arewa da inda muke, mutum wajen 50,000 bisa ƙiyasin Ingilishi suka fuskanci Turawa kamar 8,000 da Misirawa da Sudaniyawa kamar 17,000. Masu bindiga cikin Ansaru ba su wuce sulusi ba. A ɗaya gefen akwai igwa 44 a tudu, da bindiga mai ruwa 20 ƙirar Maxim, kowace tana iya zubar da harsashi wajen 600 a minti guda, ban da waɗanda suke bisa jirage. Usman Azraƙ da Ibrahim Halil suka jagoranci harin farko a fili fetal, aka tsayar da yawancin mutanensu tun suna da nisan yadi 800 daga Turawa, kamar 500 daga Misirawa, su biyun kuma suka faɗi. Usman Digna, wanda ya san Ingilishi tun yaƙe-yaƙen Sawakin, shi ne ya ɓoye mutanensa cikin kwari ya ja mahayan Ingila suka faɗo ciki, inda takobi ya sami abin da ya iya. Churchill yana cikin mahayan nan. Sa'an nan Baƙar Tuta ta fito daga bayan Dutsen Surkab, Koriyar Tuta da Mulazimin kuma suka dawo daga arewa, amma ba lokaci guda suka iso ba, sai aka gama da ta farko kafin a juyo ga ta biyu. Yaƙubu ya mutu a gindin tutarsa. Kafin azahar Ansaru wajen 11,000 sun kwanta dama, na Kitchener kuwa 48.

Ga abin da nake so ɗalibai su lura da shi. Rundunar da ta tare hare-haren nan biyu na ƙarshe, ƙarƙashin MacDonald, galibinta bataliyoyin Sudaniyawa ne, mutanen kudu da na Nuba, jinsi ɗaya da Jihadiyyar Halifa, wasunsu ma tsofaffin Jihadiyya ne da aka kama a yaƙe-yaƙen baya aka sa musu kaki. Bindigarsu Martini ce, ita ma mai cin harsashi ɗaya, ba ta fi Remington da wani abin kirki ba. Mutum ɗaya ne a gefe biyu, zuciya ɗaya, kusan makami ɗaya. Abin da ya raba su shi ne wannan an horar da shi juyawa cikin sahu da jiran umarni, harsashinsa sabo ne, alfadarai kuma suna tsaye a bayansa da akwatuna, wancan kuwa yana riƙe da kwanson da aka cika sau da yawa, an ƙirga masa shi a tafin hannu.

Halifa ya tsira ya nufi Kurdufan, aka cim masa a Umm Dibaikarat ranar 24 ga Nuwamba 1899, ya mutu tare da Ali wad Hilu da Ahmad Fadil. Shekara uku da 'yan watanni bayan haka irin wannan bindiga mai ruwa ta iso Kano cikin Fabrairu 1903, ta iso Sakkwato cikin Maris, sa'an nan Burmi cikin Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har bakin Bahrul Azraƙ kusa da Sinnar, kuma da yawa daga cikin waɗanda suke zaune a gabana jikokin mutanen wannan tafiya ne. Sojan da Lugard ya turo mana su ma yawancinsu baƙaƙe ne, Hausawa da Yarabawa, hafsoshi ne kaɗai Turawa.

Saura in taɓo rundunar da ta biyo baya a taƙaice, domin akwai abin mamaki a cikinta. Bayan an harbe Sir Lee Stack, gwamnan Sudan, a Alƙahira cikin Nuwamba 1924, Ingilishi suka kori sojan Masar daga Sudan. Wasu daga Bataliya ta 11 ta Sudaniyawa suka fito da makamansu a Hartum, aka tare su kusa da Kwalejin Gordon, Abdulfadil Almaz ya yi ta harbi daga ginin asibitin soja har aka rushe shi a kansa da igwa. Da aka kafa Rundunar Tsaron Sudan a farkon 1925, mai mutum kamar 5,000, sai ga Ingilishi sun kamu da irin tsoron da ya kama Halifa. Suka rufe makarantar hafsoshi ta Hartum, suka rarraba rundunar yanki-yanki, kowane sashe ana ɗibarsa daga ƙasarsa yana kuma zaune a can: Larabawan Gabas a Gadarif, Larabawan Yamma a Fashir, 'yan raƙuma a Ubayyid, mahaya a Shandi, rundunar Ikwatoriya a kudu, manyan makamai kuwa suna hannun bataliyoyin Turawa. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 ta kama Kasala da Gallabat, Janar Platt, shugaban rundunar, ya tarar ba shi da tankar yaƙi ko ɗaya, ba shi da igwar fage, sai motoci masu ɗauke da bindiga mai ruwa suna kai da kawowa a bakin iyaka don abokin gaba ya zaci suna da yawa. Rundunar ta yi suna a Karan da hamadar Kufra, aka faɗaɗa ta don yaƙi, aka sake rage ta bayansa.

A 1954 aka miƙa shugabancinta ga hafsa ɗan ƙasa, Ahmad Muhammad. Cikin Agusta 1955 sojan Ikwatoriya a Torit, waɗanda aka horar shekara da shekaru a kan cewa kudu ce kaɗai gidansu, suka yi tawaye da aka ce su tashi zuwa Hartum. Ranar 1 ga Janairu 1956 ƙasa ta sami mulkin kai da wannan ƙaramar runduna a hannunta, kuma ranar 17 ga Nuwamba 1958 shugabanta, Janar Ibrahim Abbud, ya karɓe mulkin ƙasar gaba ɗaya. Wannan babi ne dabam, yana bukatar nasa zaman.